Ƙarar Akayau a Faifan Ɗantala

Jibiya,
12 ga Satumba, 2023.

Zuwa ga aminina Malam Zunnuraini, Maradi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Fatu da jikoki. Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya yi kyau bana, gero ya fara kai, sai dai masu gonakin nesa ba su iya zuwa, ka san halin da ake ciki.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na bar harkar waya. Tun da aka rufe iyakar ga layi ya lalace, mutum na magana kamar daga cikin rijiya. Shamsu direbana, tunda manyan motoci sun tsaya, da babur yake ƙetarawa. Shi zai riƙa kai maka, ya karɓo amsa.

Magana ce gare ni, kuma kai kaɗai za ka gane ta, tunda ka yi shekara talatin kana gyaran sauti a gidan rediyo. Ka tuna faifan sidi da ka ba ni, wanda ka kwafo daga tsohon kaset ɗinka? Ranar gayyar gonar Bawa a Magama, an tashi noma, Ɗantala ya rataya ganga yana waƙa, ni kuma ina gaban masu rawa da akayau ɗaure a ƙafa. Kai ka ɗauka da rikodar kawunka. Lokacin ko rigar kirki ba ni da ita. Mutanen Jibiya na yau ba su san Alhaji Lawwali mai tireloli ya taɓa rawa ba, kuma ba ni son su sani. Amma tun rasuwar matata Hajiya Salmatu, in na dawo daga la'asar, falo nake rufewa in sa faifan ga.

Ganga na fita. Muryar Ɗantala na fita. Akayau ne babu. Ƙafata ce fa, Zunnu. Na san inda take shiga, bayan Ɗantala ya yi tari ya ce a buɗe fili. Da can ina jin ta tsaf, cas, cas, cas, har da inda na yi tuntuɓe na gyara. Yanzu sai ka ce an bi ta da tsintsiya.

Na canza sifika, na sayo manya na katako masu kai mini ƙirji. Sannan wani mai kayan sauti a Kano ya kawo mini akwatin da suke kira DAK, wai shi ke karɓar lambobin da ke cikin faifai ya mai da su sauti. Gaskiya ganga ta ƙara cika, har a ciki nake jin ta. Akayau shiru. Yanzu ya ce laifin tsohuwar dibidin da nake juya faifan da ita ne. Wai sai na sayi abin da suke kira taransifot, injin da ba shi da aikin komai sai ya juya faifai ya miƙa wa DAK. Nauyinsa wai ya kai rabin buhu.

Tsada ba ta dame ni ba, ka san ni. Ban gaji ko allura ba, kuma ban taɓa son abu na rasa ba. Abin da nake son ka faɗa mini shi ne, in na sayi injin ga, ƙafata za ta dawo?

Ka gaishe da Fatu. Wassalam.

Naka,
Alhaji Lawwali Magama.

*

Maradi,
20 ga Satumba, 2023.

Zuwa ga Sarkin Rawar Magama.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta sau biyu, na yi dariya sau ɗaya. Rubutunka na nan yadda na san shi tun muna aji uku, kamar kaji sun bi ta kan tawada. Muna lafiya. Kuran ne, wato lantarki, ya yi wuya, wani lokaci mu wuni babu, amma ana haƙuri.

Tunda ka tambaye ni a kan sana'ata, bari in ba ka amsa da taka. Abin da ke cikin faifai lambobi ne, ka ɗauke su kamar buhunan gero. Aikin injin juyawa ya ɗauko su ya kai ƙofar DAK, shi ke nan. In buhu ɗari suka tashi daga Jibiya, ɗari suka iso Maradi, ba wanda ya jiƙe ba wanda ya fashe, matar da za ta tuƙa tuwo ba ta sanin ko sabon kamiyo ne ya kawo ko tsohon kwarankwatsa. Tuwon daga hannun mai tuƙi yake, kuma mai tuƙi shi ne DAK.

Ba zan ɓoye maka ba, masu sayarwa na da 'yar gaskiyarsu. Irin DAK na da, sai yadda injin juyawa ya yi da su. In ya kawo kaya da gaggawa su yi gaggawa, in ya yi sanyi su yi sanyi, kuma kunne mai kyau kan ji ɗan abin. Amma irin naka mai kyau yana da nasa sito da nasa agogo. Yana tara kayan, ya fitar a kan lokacinsa. In akwai bambancin da ya rage, bai kai a ce akayau sun ɓace ba. In kuma faifai ya karce, tsalle yake yi ko ya tsaya. Ban taɓa ganin injin da ya zauna ya tsince akayau ya bar ganga ba.

Na ɗauko nawa kwafin na sa a 'yar rikodar Fatu ta kicin. Ƙafarka na nan, har da tuntuɓen. Na gaya maka tun ranar cewa idon Salmatu ne ya sa ka tuntuɓe, ka ce kututture ne.

In kana saurare, wa ke zama kusa da kai? Ka tambaye shi abin da yake ji. Sannan batun layi, shekaranjiya na yi hira ta waya da wani abokina Isah a Katsina, ras nake jin sa. Kai kuwa na kira ka sau uku a watan jiya, ka ɗauka kana ta cewa wane ne, wane ne, ka kashe.

Kada ka sayi injin nan, Lawwali. Allah ya bar zumunci.

Ɗan'uwanka,
Zunnuraini.

*

Jibiya,
3 ga Oktoba, 2023.

Malam Zunnuraini,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Na ga lacca, na gode, Mushe, yadda kuke ce wa malamin boko a can.

Amma ka bar maganar gero, don ba ka taɓa ɗaukar buhu a ka ba. Ni na yi dako a tashar Jibiya kana can kana ci gaba da lakwal, bokonku na Faransa. Na yi shekara goma sha tara a bakin injin niƙa kafin in mallaki taya ɗaya. Buhu ɗari ɗari ne a takarda, amma wanda ya sha gargada a mota marar sifirin, in ka zura hannu za ka ji ya yi gari a ƙasa. Ni da hannu nake sanin kaya, ku da alƙalami. In inji mai nauyi ba ya rawa, dole abin da ya ɗauko ya iso da mutuncinsa. Wannan ko ba a je makaranta ba an sani.

Ka ce wa ke zama da ni. Ba kowa. Wa zan zaunar ya ji ni ina rawa? Majalisar ƙofar Mahmudu ma na bar ta tun bayan babbar salla. In na zauna sai su riƙa magana ƙasa-ƙasa, su yi dariya, in na ce mi aka ce, su ce ba komai Alhaji. Na san hassada in na gan ta. Har liman ɗinmu ya koyi abin, karatu yake kamar mai jin kunyar wani, sai na bi sahu da ido nake sanin an yi ruku'u. Gari duk ya koma 'yan raɗa.

Ɗiyata Mufida ta zo daga Katsina da mijinta, kwana biyu suka yi. Gidan ya yi motsi, yanzu ya koma yadda yake. Tirelolin na jere a gareji, tantabaru na kwana a kansu.

Na riga na ce a kawo injin. Daga waje za a yi odarsa, sai wata mai zuwa. In ya iso zan rubuto maka, ka shirya ba da haƙuri.

Wassalam.
Alh. Lawwali.

*

Katsina,
9 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga Babana na Maradi,

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da Inna Fatu. Ni ce Mufida. Na roƙi Shamsu ya haɗa wannan da ta Alhaji ba tare da ya sani ba, don Allah a rufa mini asiri.

Baba, kunnen Alhaji ne. Ya fi shekara biyu, amma bana ya tsananta. Maigidana ya gaishe shi sau uku daga bayansa bai juyo ba, daga baya ya kira ni ya ce mijina ba shi da ladabi. In na kira shi a waya sai ya ce layi, ya kashe, ni kuma in zauna in yi kuka. Da na ce mu je a duba, sai ya ce shi da yake gane motarsa tun daga Magama da ƙarar inji, shi za a kai wa likitan kunne? Bai ƙara yi mini magana ba har muka tafi.

Akwai wani faifan kiɗan noma da yake kullewa da shi. Yana ƙure sauti har gilashin taga na rawa. Tun daga ƙofar gida nake jin akayau, kamar za su tsaga mini kai. Na leƙa ta labule na gan shi ya kafa kujera dab da sifika, ya karkata kai, yana jira. Ban san me yake jira ba. Ban san ko wane ne mai rawar ba, da na tambaya ya ce wani ne, ya mutu.

Mu 'ya'yansa ba ma iya faɗa masa. Kai kaɗai ne kake kiran sunansa kai tsaye. Don Allah Baba ka yi wani abu, kafin ya kori kowa.

'Yarka,
Mufida.

*

Maradi,
6 ga Nuwamba, 2023.

Lawwali,

Sallama da gaisuwa. Shamsu ya ce injin ya iso, mutum biyu suka shigar da shi falo. Allah ya sa alheri.

Ga sabon faifai nan na gayyar Bawa, ni na shirya shi da hannuna a makon nan. Naka ya tsufa, sabon inji kuwa sai sabon faifai. Ka sa wannan, ka saurara a natse, ka rubuto mini abin da ka ji. Duk abin da ka ji, kada ka rage.

Zunnuraini.

*

Jibiya,
11 ga Nuwamba, 2023.

Aminina Zunnu, injiniyan Faransa!

Assalamu alaikum. Yau da farin ciki nake gaishe ka, ka gaishe mini da kowa har maƙwabta.

Ina haƙurin da na ce ka shirya? Fito da shi.

Injin ga in ka gan shi sai ka cire hula. Ta sama ake buɗe shi, a ɗora faifai, a danne da wani ɗan ƙarfe mai nauyi kamar dutsen awo. Ba ka jin motsinsa ko kaɗan. Na yi wanka, na sa farar riga, na rufe ƙofa, na ɗora faifanka. Ganga ta taso. Ɗantala ya yi tarinsa, ya ce a buɗe fili.

Zunnu, ta shigo. Cas, cas, cas. Dama, hagu, dama-dama. Siririya, tas, kamar an wanke ta. Na ji inda na juya, na ji inda na durƙusa mata suka yi guɗa, na ji tuntuɓen. To, na yarda, ba kututture ba ne. Salmatu na tsaye gindin gawo da tulu a kai, da zane mai ruwan bula. Na sa sau huɗu. A na huɗun ban san lokacin da na miƙe ba, ni da gwiwar ga tawa.

Ka gani ko? Ku masu ilimi kuna da lissafi, mu muna da kunne. Shekara biyu ana nema a mai da ni wani iri, ashe tsohuwar dibidi ce ke cinye mini ƙafa. Zan ba Shamsu ita ya kai wa matarsa.

Ban yi fushi da kai ba. Kowa na kuskure a sana'arsa. In an buɗe hanya ka zo ka ji da kanka, in yanka maka rago.

Naka har kullum,
Lawwali.

*

Maradi,
19 ga Nuwamba, 2023.

Ɗan'uwana Lawwali,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kwana biyar takardarka na aljihuna. Fatu ta ce in yi shiru in bar ka da farin cikinka. Na so in bi maganarta, amma na kasa, don in na yi shiru na yi maka ƙarya sau biyu.

Faifan da na aiko maka babu akayau a ciki. Ni na cire su. Na sa shi a kwamfuta na yanke duk wani siririn sauti na sama, na bar ganga da murya. Kafin in ba Shamsu na sa wa Fatu, ta ce, Malam, ina masu rawar suka tafi? In ba ka yarda ba ka kira duk wanda ka ga dama ka sa masa.

Abin da ka ji ba daga inji ya fito ba, daga gare ka ya fito. Ka san rawar nan taki-taki, ka sa rai, sai zuciya ta cika abin da kunne bai kawo ba. Ba hauka ba ne, ba kuma ƙarya ka yi ba. Mu ma a wurin aiki ya sha faruwa da mu, mutum ya murɗa maɓallin da ba a haɗa da komai ba ya rantse sauti ya gyaru.

Shekara goma sha tara a bakin injin niƙa, Lawwali, ko auduga ba ka taɓa sawa a kunne ba. Siririn sauti shi ke fara tafiya. Shi ya sa ganga ta tsaya, akayau suka tafi. Shi ya sa kake jin mutane na magana amma ba ka rarrabe kalma. Mahmudu ba ya raɗa da kai. Liman bai rage murya ba. Mufida ba ta raina ka ba, kuka take yi. Ba DAK ba, ba taransifot ba, ko gidan rediyon ka saya gaba ɗaya, hanyar da ta lalace tana tsakanin sifika da kai. Akwai likitocin kunne, akwai ɗan abin da ake maƙalawa. Ba zai dawo da komai duka ba, amma zai dawo maka da mutane.

Na san na yi maka tarko, kuma na san wane ne kai. Da na faɗa maka da baki da ka ce hassada ce. Ka yafe mini. In ba ka yafe ba, ka dai je a duba.

Naka,
Zunnuraini.

*

Maradi,
26 ga Maris, 2024.

Lawwali,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Wata huɗu ke nan. Takarda uku na aiko, Shamsu ya ce kana karɓa ka sa ƙarƙashin dadduma. Jiya na ga tirelarka ta wuce duwan, wato kwastan, da lodi, na san hanya ta buɗe. Na tsaya bakin titi kamar za ka leƙo.

Na yi tunani, na ga na ɗauke maka abu ban ba ka komai a madadinsa ba. Ranar nan ka yi rawa a falonka, ni na zo na ce ba ka yi ba. Wannan ya tsaya mini a rai duk azumin nan.

Ga faifai na uku. Wannan karon zan faɗa maka abin da na yi tun kafin ka sa. Na ciro akayau ɗin su kaɗai, na sauko da muryarsu ƙasa, kusa da inda ganga take, inda kunnenka ke da sauran ƙarfi, sannan na mayar da su wurinsu. Ban taɓa takun ba, ko ɗaya ban ƙara ba ban rage ba. Ba za su yi kama da yadda ka san su ba. Amma duk abin da ka ji a wannan, yana ciki.

In ka ga dama ka jefar. Ni dai ina nan inda ka san ni, gidan mai ƙofa shuɗiya.

Zunnuraini.

*

Jibiya,
15 ga Afrilu, 2024.

Zunnu,

Salamu alaikum. Barka da salla.

Na bar faifan sai da aka sauke azumi. Na ji su. Ba cas-cas ba ne, wani ƙwaram-ƙwaram ne mai nauyi, kamar dattijo ne ya shiga fili. Tuntuɓen na nan. Na gane mutumin.

Mufida ta zo yawon salla, na zaunar da ita na sa mata tsohon faifan, na faɗa mata ƙafar wa ce. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce wani abu, ban ji ba. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Litinin mai zuwa za ta kai ni Katsina wajen mutanen kunnen, na yarda ne don ta bar ni in huta.

Dibidin ban ba Shamsu ba. Na gwada faifanka a cikinta, na gwada a sabon injin, sau uku-uku. Abin da na gano ba na takarda ba ne, kuma kada ka tambaye ni gaban mutane.

Ragon na nan, ya yi ƙiba har ya gaji da jira. Ka biyo Shamsu ranar Juma'a. In ka zo ka zauna ta hagu, kunnen nan ne mai ɗan dama-dama. Ka ɗaga murya, ba zan yi fushi ba.

Lawwali.